Wa Ya Tura Macijin?

Yau ne Malam Tanko ya ce zai ji amsa daga bakin 'yarsa Hassana, da zarar ya dawo daga gona bayan la'asar: Ɗayyabu ko Muhsin.

Bai ce zai yi mata dole ba, shi ba irin wannan uban ba ne. Cewa ya yi manyan Muhsin za su taso daga Kudan ranar Juma'a, kuma ba zai bari dattawa su tako har ƙauyensu na gefen Saulawa alhali bai san abin da zai gaya musu ba.

Tun raɓa ba ta bushe ba Hassana ta shiga garkar bayan gida da kwanduna biyu. Damina ta zo ƙarshe, komai ya nuna lokaci guda kamar an haɗa baki. Attaruhu ya yi jawur, kabewa ta danne danga har ta karkata, yakuwa ta kai ƙugu. Ita kuwa kuɓewa ba ta da mutunci ko kaɗan, ka ƙyale ta kwana biyu ta ƙosa ta zama icce.

Aikin mutum biyu ne, da ma mutum biyu suka saba yin sa. Kunyoyi shida na gabas na Hassana, shida na yamma na Hussaina, wadda suka fito ciki ɗaya rana ɗaya.

Shekara guda ke nan cif. A irin wannan lokacin bara Hussaina ta ɗauki lauje ta tafi bakin fadama yanko wa awaki ciyawa, kububuwa ta sare ta a idon sawu. An kai ta asibiti, an yi iya yi, kwana biyu Allah ya karɓi abarsa. Abin da ya fi ci wa mutane rai, ana sa mata ranar aure da Ɗayyabu, washegari abin ya faru.

Bana Hassana ta shuka kunyoyin duka sha biyu, da irin da marigayiyar ta ƙulle a tsumma ta soke a rufin ɗaki. Nata na gabas ba ta jin komai idan tana cikinsu. Amma da ta tsallaka yamma ta sunkuya, sai ta ji kamar akwai mai yankan kuɓewa a bayanta, ƙas, ƙas, a hankali, daidai da yadda Hussaina take yi. Ta juya, ba kowa sai ganye yana kaɗawa.

Yau ma haka ta ji. Tsigar jikinta ta tashi, ta yi a'uziyya ta ci gaba da aiki ba ta sake waiwayawa ba.

Kukan akuya ne ya fito da ita. Da damina kowa ɗaure dabbarsa yake a turke don kada ta shiga gonar mutane, komai sai an kawo musu har gabansu. Kyalla, akuyar Hussaina, kwana huɗu ke nan tana ɗingishi, laima ta cinye mata tsakanin kofato. Hassana ta ɗumama ruwan gishiri, ta share kashin da ke ƙarƙashinsu ta kai kan juji, ta watsa toka a wurin, sannan ta durƙusa ta kama ƙafar tana wankewa.

"Ki tsaya mana, ke kam ba a yi miki gwaninta," ta ce da ita. "Uwar ɗakinki ce ta ɓata ki."

Tana rufe baki ta ji ƙarar mashin a bayan danga. Gabanta ya yanke ya faɗi.

* * *

Ɗayyabu ne, da damin ciyawa ɗaure a bayan mashin, wandonsa jiƙe sharkaf har gwiwa. Manomin rake ne a unguwar tsallaken rafi. Tun ranar sadakar ukun Hussaina ya ɗaukar wa kansa wannan aikin, ya rantse babu wanda zai sake fita daga gidan nan da lauje zuwa fadama muddin yana numfashi. Kullum da safe zai jefo damin ta saman danga, ya gaisa, ya wuce. A cikin gaisuwar nan ne abin da ya shiga ya shiga.

"Ina kwana, Yaya Ɗayyabu."

"Lafiya lau, Hassana. An tashi lafiya? Ya su Baba da Inna? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya mutanen gida?"

"Duk lafiya. Ya ƙafar Kyalla?"

"Da sauƙi."

Ya dafa danga yana kallon ta, ita kuwa ta ƙura wa ƙwaryar ruwan gishiri ido.

"Na ji yau ne," ya ce.

Ta gyaɗa kai.

"To me za ki ce masa?"

Hawaye suka cika mata ido, ta sa bayan hannu ta share, ƙaiƙayin kuɓewa ya bi mata fuska.

"In tambaye ka wani abu, ka gaya mini tsakaninka da Allah?"

"Tambaye ni."

"Idan ka kalle ni, ni kake gani ko ita?"

Bai yi saurin amsawa ba, kuma ni a ganina wannan ne ya sa ta yarda da shi.

"Na so Hussaina," ya ce a hankali. "Ba zan yi miki ƙarya ba, har gobe ina yi mata addu'a a kowace salla. Amma wallahi ban taɓa ruɗa ku ba ko sau ɗaya. Ita da wuƙa take yankan kuɓewa tana 'yar waƙarta. Ke da hannu kike ɓallewa kina tsaki kina zagin ƙaiƙayi. Ita in ta yi fushi kuka take yi kowa ya ji. Ke kuwa sai ki yi gum, mutum ya kwana uku bai san laifinsa ba. Wadda na shekara ina gani ta saman dangar nan tana aikin mutum biyu ita kaɗai, ita nake so. Ke, Hassana."

Kai jama'a! Maganar da ta yi shekaru tana mafarkin ji ke nan, tun kafin ya fara zuwa zance wurin 'yar'uwarta. Ga ta ta zo, amma ba ta ji daɗin da ta zata ba.

"Ka san dai abin da ake faɗa a gari," ta ce.

"Maganar banza! Jahilci ne zalla. Duk wanda ya isa ya faɗa a gabana."

"Ai ba a gabanka za su faɗa ba. A gabana za su faɗa, a bakin rijiya, a gidan suna, har in mutu."

"To mu ji tare. Ni dai roƙona ɗaya, kada ki yanke hukunci saboda bakin mutane. Idan ke ce ba kya so na, zan haƙura. Amma in kina so na, ki faɗa wa Baba. Shi ya riga ya ce ba shi da ja."

"Inna fa?"

Ya san tun da maganar ta taso Inna Zulai ba ta ƙara amsa gaisuwarsa da baki ba, sai dai ta ɗaga hannu.

"Ki lallaɓa ta," ya ce. "Uwa ce, za ta sauko."

Ya tada mashin ya tafi yana waiwaye. Hassana ta kwance damin ta rarraba wa awakin, tana karkaɗe kowane dunƙule da sanda kafin ta sa hannu.

* * *

Da hantsi Goggo Rahmatu ta faɗo gidan da ƙatuwar roba, wai ta zo a sam mata kuɓewar miya. Ƙanwar Malam Tanko ce, kuma Muhsin ɗan wan mijinta ne. Irin matan nan ce da in suka ce "ni ba ruwana" to ruwan nasu ne ya kai wuya.

Bayan an gama gaishe-gaishe ta bi Hassana har garka, ta tsaya a bakin ƙofa tana zaɓen manya-manya daga kwando.

"Ke 'yar nan, ni ba ruwana, amma gaskiya ɗaya ce. Muhsin yaro ne mai hankali, ga motarsa ta ɗaukar tumatir, ga gidan bulo, ga shi bai taɓa aure ba. Mafi girma kuma, can Kudan babu wanda ya san ke 'yan biyu ce. Ki je ki fara sabuwar rayuwa, ki huta."

"Goggo, ni me na yi da sai na gudu?"

"Au, tambaya ta kike? To bari in fasa miki, tunda kowa tsoro yake ji." Ta rage murya. "Tun kuna 'yan mitsi-mitsi wa bai san ku ba? Ranar da mai tallar ƙosai ta ba ɗaya ta hana ɗaya, ba kunama ce ta harbe ta kafin magariba ba? Tun kakanni ake cewa ƙwaro ba ya taɓa ɗan tagwaye sai in ɗan'uwansa ne ya tura. Ni ban ce kin yi ba, Allah ya tsare bakina. Amma an sa wa yarinya rana yau, gobe maciji ya sare ta, shekara ta zagayo a ga 'yar'uwarta a ɗakin mijin? Haba Hassana! Ko makaho ai sai ya yi magana."

Kwandon ya suɓuce daga hannun Hassana, attaruhu ya watse a ƙasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggo, ni? Hussaina?"

"Kuka kuma? Daga faɗin gaskiya? Ki tambayi uwarki me ya sa ba ta so, in kin isa."

Ta cika robarta dam, ta ƙara da kabewa guda ba wanda ya ba ta, ta yi gaba abinta.

Hassana ta durƙusa tana tsince attaruhun ɗaya-ɗaya. Maganar gari ta daɗe da sanin ta. Abin da bai taɓa zuwa mata ba shi ne jimlar ƙarshen nan.

* * *

Bayan azahar suka zauna ƙarƙashin rumfa, ita da Inna Zulai, tulin kuɓewa a tsakaninsu suna yankawa sirara don shanya. Rana ta buɗe, dole a yi sauri kafin hadari ya sake haɗowa. Ba ka jin komai sai ƙarar wuƙa da kukan kaji a bakin akurki.

Inna Zulai ta rame a shekarar nan. Ba ta faɗa, ba ta dariya, magana sai ta zama dole.

"Inna."

"Na'am."

"Me ya sa ba kya so in auri Ɗayyabu?"

"Na ce miki ba na so?"

"Ba ki ce ba. Da ma kin ce, da ya fi mini sauƙi."

Inna ta ci gaba da yanka ba ta ɗago ba.

Hassana ta ajiye wuƙarta. Abin da ta shekara tana haɗiyewa ya taso mata har maƙogwaro, ta ji in ba ta amayar da shi yau ba zai kashe ta.

"Inna, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar nan... ba Hussaina ce da yankan ciyawa ba. Kin san karɓa-karɓa muke yi. Ranata ce. Na kwanta na ce kaina yana ciwo, alhali lafiyata ƙalau. Haushi nake ji. Haushin an sa mata rana da shi, don ni ma ina son sa, tun kafin ya san da ita nake son sa. Ta zo ta dafa ni ta ce in tashi rana tana yi, awaki suna kuka. Sai na ce mata..."

Kuka ya ci ƙarfinta, ta kasa ƙarasawa.

Inna Zulai ta ajiye wuƙa a hankali. Muryarta ba ta ko girgiza ba.

"Kika ce, 'Ki je ke, tunda komai na gidan nan naki ne. Allah ya sa ma kada ki dawo.'"

Hassana ta ɗago kai ta zuba mata ido.

"Ina bayan zana ina wanke gero," in ji Inna. "Na ji ki da kunnena. Na ji ta yi dariya ta ce ke dai ba kya rabo da rigima. Na ji ta zari lauje. Har na buɗe baki zan ce ta dawo ke ki tafi, sai na ce bari in tsane geron tukuna."

"Inna, kin sani? Shekara guda kin sani ba ki ce mini komai ba?"

"In ce me?"

"Ki zage ni! Ki dake ni! Wallahi tallahi, Inna, a baki ne kawai. Sau nawa muke gaya wa juna abin da ya fi wannan, mu dawo mu ci tuwo a kwano ɗaya? Ban tura komai ba. Ban ma san yadda ake turawa ba. Da na san abin da ke cikin ciyawar nan da ni zan je, da gudu zan je!"

Ta rarrafa ta kama ƙafafun uwar tana kuka kamar ranta zai fita.

Sai ta ji ƙafafun sun ɗan janye. Kaɗan ne, amma ta ji.

Ta ɗago ido jajur.

"Inna... ke ma kin yarda da abin da suke faɗa?"

A nan ne hawayen Inna Zulai suka ɓalle, masu zafi, ba sauti.

"Ni Musulma ce, Hassana. Na san ajali ne. Duk wanda ya zo mini gaisuwa haka na gaya masa. Har wurin liman na aika babanku ya tambayo mini, ba tare da na faɗa masa dalili ba, ya ce camfi ne, babu mai kashewa sai Allah. Bakina ya yarda. Kaina ya yarda." Ta dafa cikinta. "Amma nan, inda kuka kwanta ku biyu wata tara, ya ƙi yarda. Na yi istigfari har na gaji. In kin shigo ɗaki sai in ga fuskarta, in kin yi magana sai in ji maganar nan. Rannan da kika ɓata rai don na hana ki zuwa biki, wuni na yi ina duba ƙarƙashin tabarma kafin in zauna."

"Inna!"

"Ni na haife ki, ni na goya ki, ina son ki kamar raina. Kuma tsoron ki nake ji. Ga shi na faɗa, Allah ya yafe mini."

Wallahi ko ni da nake ba ku labarin nan sai da jikina ya mutu. Da zagi ne da sauƙi, da duka ne da ya warke. Hassana ta saki ƙafafun ta koma da baya ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ba zan hana ki Ɗayyabu ba," Inna ta ci gaba tana share ido da gefen zane. "Ba zan yi miki baki ba, ban taɓa yi ba. In kin ce shi, ni zan wanke ki in kai ki. Amma ɗakin da ya gina wa Hussaina ne, tsallaken rafi ne, kullum ina hango rufinsa daga bakin turke. Kullum zan gan ki kin fito daga ciki. Ban san ko zuciyata za ta ɗauka ba, ban sani ba."

"In kuma na tafi Kudan?"

Inna ta ɗauki wuƙarta.

"Inna, ki ce mini kada in tafi. Ko sau ɗaya ki ce, 'Hassana, na san ba ke ba ce.' Shi ke nan abin da nake roƙo. In kin faɗa, duk garin nan su taru a kaina ban damu ba."

Leɓen Inna Zulai ya motsa. Ta buɗe baki, ta kalli fuskar 'yarta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta sunkuyar da kai ta jawo faifai.

"Hadari yana haɗowa," ta ce. "Mu gama yankan nan."

* * *

Ana idar da la'asar Malam Tanko ya yi sallama ya shigo, fartanya a kafaɗa, sabuwar masara cike da buhu. Suka yi masa sannu da zuwa, Hassana ta kawo masa ruwa ta durƙusa har ya sha. Ya zauna kan turmin da aka kifa, ya dubi idanunta da suka kumbura, ya dubi matarsa, bai gane komai ba. A zatonsa kukan kunya ne irin na 'yan mata.

"To uwata," ya ce da fara'a, "na ba ki lokaci. Duka biyun 'ya'yan mutunci ne, babu wanda zan ƙi. Ɗayyabu kuwa kin san yadda yake a wurina, ɗa ne. Kada ki ji tsoron kowa, abin da ke ranki za ki faɗa mini. Wa kike so?"

Sunan yana kan harshenta. Ta ji shi, mai ɗumi, saura kawai ta buɗe baki ya fito.

Ta saci kallon Inna. Wuƙar ta tsaya cak a tsakiyar kuɓewa, hannun da ke riƙe da ita yana karkarwa.

"Baba," ta ce, muryarta kamar ba tata ba, "a ba Muhsin."

Malam Tanko ya yi turus.

"Muhsin? Kin tabbata, Hassana? Ni fa na zaci..."

"Na tabbata, Baba."

Ba shi take saurare ba. Duk jikinta ya zama kunne, tana jiran murya ɗaya daga ƙarƙashin rumfa ta ce a'a, Malam, dakata, yarinyar nan ƙarya take yi.

Sai ta ji Inna Zulai ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, irin ta wanda aka sauke wa kaya bayan tafiya mai nisa.

"Alhamdulillahi," in ji Inna a hankali.

Hannunta ya daina rawa, ta ci gaba da yanka kuɓewarta.